Yadda za ka zauna da waƙa ɗaya har ka ji abin da ke cikinta

Akwai wata waƙa da na yi kusan shekara biyu ina bin ta da baki, a mota, a wanka, ko ina wanke-wanken babur, sai ran nan ƙanwata ta ce yaya wai me ma waƙar nan take cewa ne? Na buɗe baki zan ba ta amsa na ga wallahi ban sani ba. Amshin kawai na haddace da wani ɗan wuri da kiɗan ke tsayawa ya dawo. To tun daga ranar na sauya yadda nake jin waƙa, kuma abin da zan zayyana a nan shi ne hanyar da nake bi. Ba sai ka yi karatun Hausa a jami'a ba, waya da iyafis da biro da takarda sun isa, sai kuma haƙuri, don waƙa ɗaya za ka ji ta sau biyar ko shida kuma kowane ji da aikinsa daban.

Mataki na farko, zaɓi waƙa ɗaya tak ka gyara wurin zama. Kar ka ce za ka yi nazarin mawaƙi gaba ɗaya, za ka gaji tun ba a je ko'ina ba. Ka ɗauki wadda kake so sosai, don ita ce za ka iya jure maimaitawa. Ka nemo cikakkiyarta mai kyan sauti, ba guntun da aka yanko a sitatus ko TikTok mai sakan talatin ba, wannan guntun yawanci amshi ne kawai kuma sautin ya riga ya sha matsa. Sannan ka sa iyafis, sifikar waya ba ta fitar da kauri, duk wani bugu na ƙasa-ƙasa ɓacewa yake yi, sai ka ji kamar ana kaɗa gwangwani. In bidiyo ne ka kifa wayar. Da gaske nake, ka kifa ta, don ido ɓarawon kunne ne, muddin kana kallon rawa da lesi da motoci to ba waƙar kake ji ba.

Ji na farko ka bar ta ta wuce kawai, kar ka tsayar kar ka mayar. Tana ƙarewa ka rubuta layi biyu: me ta sa ka ji a jikinka, kuma a daidai wane minti ne abin ya fi kama ka. Ka rubuta lokacin, misali 1:42. Za mu dawo kansa.

Mataki na biyu shi ne kiɗa, ka yi kamar ba ka jin Hausa. Wannan yana da ɗan wuya da farko amma ana sabawa. Ka fara da ƙirga abubuwan da ke ƙara, nawa ne, me da me. In tsohuwar waƙa ce, kayan kiɗan ma kansu labari ne, don a ƙasar Hausa ba kowace ganga ake kaɗa wa kowa ba. Kotso da taushi na fada ne, da tafin hannu ake kaɗa su, shi ya sa in ka ji Musa Ɗanƙwairo ko Ibrahim Narambaɗa da kotso ka san tun kafin a ce uffan cewa sarauta ake nufi. Kalangu kuwa asalinsa na mahauta ne da ƴammata da taron jama'a, shi Mamman Shata ya riƙe har ya rasu a 1999, kuma shi ne gangar da ake matsa igiyoyinta a hammata sauti ya hau ya sauka kamar mutum na magana, to ka kasa kunne ka ji wuraren da kalangun ke maimaita abin da bakin ya faɗa ko yake ba shi amsa. Ɗanmaraya Jos kuntigi ne kawai a hannunsa, tsirkiya ɗaya, babu ƴan amshi babu kowa. Haruna Uji gurmi. Barmani Choge ƙwarya, kiɗan amada na mata a cikin gida. In ka gane kayan kiɗan ka gane rabin wa ake yi wa waƙar.

In ta zamani ce kuwa, galibi duk abin da kake ji daga fiyano da kwamfuta ya fito a situdiyo, har kalangun da algaitar ma sau da yawa na cikin na'ura ne. Ba laifi ba ne, amma ka gwada ka bambance. Kalangun hannu ba ya maimaita kansa daidai wa daida, yana ɗan gaba yana ɗan baya, na na'ura kuwa bugun minti na ɗaya shi ne na minti na huɗu babu ko ɗigon bambanci. Ka ji kuma sarewa da wannan goge mai yawa da ke tashi tsakanin baiti da baiti, da yadda namiji zai yi baiti mace ta karɓa, wannan tsarin finafinan Indiya ne da suka daɗe a gidajen sinimarmu da talabijin, ya shigo ta waƙoƙin fim har ya zama namu. Wasu kuma bugunsu na Legas ne, wasu na mandiri ne aka cire bege aka sa soyayya. Ka buga ƙafa ka bi bugun, ka ga ko ɗaya biyu uku huɗu yake tafiya ko kuwa uku-uku yake mirginawa irin na gangunan gargajiya. Sai ka lura da inda mai kiɗa ya cire wani abu. Yawanci daɗin waƙa a wurin cirewa yake, a ɗauke ganga a bar murya ita kaɗai na sakan biyu sannan a sako komai gaba ɗaya. Je ka duba lokacin nan da ka rubuta a ji na farko, na kusa rantsewa akwai abin da mai kiɗa ya cire ko ya sako a wurin.

Mataki na uku, kuma nan ne aikin yake, rubuta waƙar da hannunka. Duka. Kar ka je ka kwafo wadda wani ya rubuta a intanet, da yawansu cike suke da kuskure, kuma ma amfanin a wahalar rubutun yake. Ka ji layi, ka tsayar, ka rubuta, ka mayar. In mawaƙin na da sauri YouTube na da wurin rage gudu, ka sa 0.75. Inda ba ka ji ba ka bar fili ka ja layi, kar ka cike da abin da kake zato.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne tsawon abin da za ka samu. Wata waƙar minti shida ce amma in ka cire maimaici ba za ta cika rabin shafi ba, wata kuwa ta minti huɗu sai ka cika shafi uku hannu na ciwo. Wannan kaɗai ba hukunci ba ne, akwai gajeriyar magana mai nauyi, amma dai ka fara ganin wa ya zo da kaya wa ya zo da buhu babu komai.

Filayen nan da ka bari su ne za ka kai wa manya. Waƙoƙin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Ɗan Anace da Sakkwatanci suke, Bakano ko Bazazzage zai ji kalma ya ɗauka ya gane alhali wani abu daban ake nufi, ga kuma sunayen sarautu da garuruwa da kayan doki da na yaƙi da mu ƴan yanzu ba mu taɓa gani ba. Na taɓa shiga mota daga Gusau, direba ya sa kaset ɗin fada, wani dattijo kusa da ni ya dinga yi min fashin baƙi har muka iso Funtuwa, wannan sunan kakan sarkin ne, wannan rafi ne a gabas da garin, wannan kuma ɗan sarkin da ya nemi sarautar bai samu ba ake yi wa. Waƙar da na ɗauka yabo ce zalla ashe rabinta faɗa ne. Don haka ka nemi tsoho ko tsohuwa, ka kunna masu, ka yi shiru.

Mataki na huɗu, ware ginin. Yanzu da take a takarda, ka sa alama a kan abin da ake ta dawowa kansa, shi ne amshi, masana na ce masa gindin waƙa, sauran kuma ɗiya ne, wato ƴaƴan da jagora ke kawowa ɗaya bayan ɗaya. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya yi aiki sosai a kan waɗannan kalmomin na nazarin waƙar baka, in ka ci karo da littattafansa ka riƙe. Abin da za ka duba shi ne yaya jagora da ƴan amshi ke raba aiki. A wajen Shata amshin gajere ne, layi ɗaya ake ta maimaitawa, shi kuma yana yawo a kai yadda ya ga dama, yana ƙirƙira nan take, shi ya sa waƙa ɗaya in ka samu ɗauka biyu ba za su zo iri ɗaya ba. A wajen Ɗanƙwairo kuwa yaran ba maimaici kawai suke ba, jagora zai fara magana su karɓe su ƙarasa ta, wani lokaci su yi doguwar tafiya tare, abin da ba ya yiwuwa sai an zauna an shirya an haddace. Ɗanmaraya shi da ba shi da mai karɓa masa, kuntigin ne ke cike gurbin, kuma a waƙoƙinsa na zaman aure shi ne mijin shi ne matar, yana sauya baki. A ta zamani ka duba ko baiti na biyu ya ƙara wani abu a kan na farko, ko kuwa maganar farko ce aka sauya wa riga. Gwaji mai sauƙi, ka musanya baiti na ɗaya da na uku a takardarka. In babu abin da ya lalace to waƙar ba tafiya take ba, a tsaye take tana juyi.

Mataki na biyar, turke. Turke dai ka san shi, inda ake ɗaure dabba, ta zaga duk inda za ta zaga amma igiyar na nan. To waƙa ma haka, a rubutacciya an fi cewa jigo. Ka gwada faɗin abin da waƙar ke nufi a jimla ɗaya ba tare da ka ari kalmar mawaƙin ba. Kar ka ce "soyayya", wannan ba amsa ba ce, kusan duk waƙoƙin da ke wayarka soyayya ce. Wace iri? Roƙo ne a karɓe shi, ko kuka ne an rabu, ko gori ne ga wadda ta ƙi shi da yanzu ya samu, ko kuwa tallan kansa yake yi ya fake da yabon ta? Sannan ka fitar da ƙananan abubuwan da aka gina turken da su, yabo, kirari, zuga, roƙo, godiya, addu'a, zambo, habaici. Biyun ƙarshen nan mutane na haɗa su alhali ba ɗaya ba ne. Zambo muni ake siffantawa, a zana mutum yadda za a yi masa dariya, tafiyarsa ko rowarsa ko rawaninsa. Habaici kuwa jifa ne a kasuwa, ba a kama suna, mai abin ya san kansa. Waƙoƙin Barmani na kishiya cike suke da shi, kuma in ka saurara da kyau a ƙarƙashin barkwancin akwai magana mai nauyi a kan mace ta kama sana'a ta daina jiran hannun miji.

Ga tambayar da ni a wurina ta fi kowace, wa ke magana, da wa yake, kuma me yake so a ba shi? Waƙar Hausa tun asali tana da uban gida. Makaɗin fada sarkinsa yake ɗagawa ya kwantar da abokan hamayya, kuma yana sa ran doki da riga. Ɗan Anace in yana wasa Shago ɗan dambe so yake jini ya tafasa a shiga fage. Yau ma abin bai tafi ko'ina ba, waƙar biki amarya da ango ne suka biya shi ya sa za ka ji an jero sunan ƙawaye da gwaggo da kawu, waƙar siyasa kuwa ba sai na faɗa ba. Sanin an biya ba ya rage wa waƙa daraja, manyan waƙoƙin da muke taƙama da su yawancinsu na roƙo ne. Amma yana sa ka san yadda za ka auna maganar, in mawaƙi ya ce wane ya fi kowa adalci ba za ka ɗauka labarai yake karantawa ba, sai ka koma duba gwanintar da ya yi wajen faɗin hakan. Ka kuma tambayi yaushe aka yi ta. Jarumar Hamisu Breaker ta tashi ne a 2020 lokacin kullen korona, mutane na zaune a gida da waya a hannu, mata suka dinga ɗaukar bidiyo suna yi wa mazajensu rawa har abin ya zama abin muhawara, ba za ka fahimci girman da ta yi ba in ka cire wannan lokacin daga lissafi.

Mataki na shida, harshen kansa. Nan ne nake daɗewa. Fara da amsa-amo, wato sautin da layuka ke ƙarewa da shi. Hausa na da arhar amsa-amo don kusan duk kalmominmu da wasali suke ƙarewa, shi ya sa yin sa ba gwaninta ba ne, gwanintar ita ce a yi shi ma'ana ba ta karye ba. Bari in ƙirƙiro misali yanzu-yanzu: ke ce a zuciya, mu je mu Zariya, na sayi tsintsiya. Ka ga ya zauna a kunne daram, in aka sa masa fiyano mai daɗi da murya mai zaƙi sai a yi rawa da shi a biki, amma me ya haɗa zuciya da tsintsiya? Ka bi takardarka ka sa alama a duk layin da ka ga an kawo shi ne kawai don ƙarshensa ya dace. Wani mawaƙin za ka samu ɗaya ko biyu, wani kuwa rabin waƙar.

Sai karin harshe da tsawon wasali. Hausa in ka ja wasalin da bai kamata ba ko ka ɗaga inda ake saukewa, kalma ta tashi daga ma'anarta. Gari na zama da gari na tuwo a ja ne suka bambanta, wuya ta jiki da wuya ta wahala a hawa da sauka ne. Tsofaffin makaɗa karin waƙarsu na bin karin magana shi ya sa ko ba ka so sai ka ji me suka ce. Yanzu da yake sau da yawa kiɗa ake fara haɗawa sannan a zo a cusa kalmomi a ciki, sai ka ji an murɗe kalma ta koma wata, mutum na son ya ce ya shigo gari sai ka ji kamar cikin buhun masara ya faɗa. Ka karanta layin da bakinka kamar kana hira, sannan ka ji yadda aka rera shi, in sun yi hannun riga ka sa alama.

Daga nan sai adon magana. Ka nemo inda aka kamanta abu da abu, da inda aka ce mutum shi ne abin kai tsaye, giwa ko zaki ko gamji ko kogi, da inda aka ba abin da ba shi da rai halin mutum, da kambamawa irin wadda kowa ya san ba za ta yiwu ba amma tana da daɗi. A kowanne ka tambayi kanka, na taɓa jin wannan? Wata da tauraro da zuma da madara da fure sun gaji, an yi ta aron su har sun koɗe. Wanda ya kawo hoto daga abin da ya gani da idonsa, tasha ko gona ko layin awo ko cajin waya, ya sa ka ce kai haka ne fa, wannan shi ya yi aiki. Waƙar Karen Mota ta Ɗanmaraya abin da ya riƙe ta ke nan, mutumin da kowa ke gani a tasha ba a kula shi aka zana. Karin magana ma ka duba, an jefo ta ne don a ce an iya Hausa ko kuwa ta zauna a gurbinta.

Muryar kuma fa? Ka koma ka ji ta ita kaɗai. Ina yake jan numfashi, ina ta karye, ina ya yi ƙasa da ita kamar raɗa. Na'urar gyaran murya ta situdiyo tana da alama, za ka ji muryar na tsalle daga sauti zuwa sauti kamar ana hawa matakala babu santsi, da ɗan ƙarfe-ƙarfe a ciki. Wasu ado suke yi da ita da gangan, wasu kuwa ɓoye suke. In kana son ka sani ka nemi bidiyon da mawaƙin ya rera a taro ko a hira babu kiɗa. Kuma a waƙar fim ka tuna wanda ke motsa baki a allo galibi ba shi ya rera ba, wani lokacin wanda ya rera ma ba shi ya rubuta ba, ka bincika sunayen kafin ka yaba wa wanda bai yi aikin ba.

Mataki na ƙarshe, kwatanta sannan ka yanke. Waƙa ɗaya ba ta aunuwa ita kaɗai. Ka ɗauko wata mai turke iri ɗaya ka ajiye su gefe da gefe. Mafi daɗin wannan gwajin a wurina shi ne Bakandamiyar Shata da Bakandamiyar Narambaɗa, kowanne kansa yake wasawa yana nuna ya fi sauran mawaƙa, amma ɗaya da kalangu ɗaya da kotso, ɗaya mutumin duniya da tafiye-tafiye ɗaya mutumin fada, ka ji yadda kowanne ke gina girman kansa da irin abin da yake taƙama da shi. In na zamani kake so ka ɗauki waƙoƙin amarya biyu na mawaƙa daban, ka cire sunaye ka ga me ya rage a kowace.

Sai ka rubuta hukuncinka a layi huɗu ko biyar, kuma ka raba shi, kiɗa kaza, kalmomi kaza, murya kaza, kowanne da dalili da minti ko layin da za ka nuna. Ya halatta ka ce kiɗan ya yi amma baitocin shirme ne, ko ka ce maganar zinariya ce an zuba ta a kiɗan da bai dace ba. Ni waccan waƙar da ƙanwata ta tambaye ni, da na rubuta ta layi goma sha ɗaya na samu, huɗu a ciki irin su tsintsiya ne, kuma har yau in ta zo a mota ba na cewa a canza. Takardun dai ka dinga ajiye su wuri ɗaya da kwanan wata, bayan wata uku ka sake jin waƙar ba tare da ka duba abin da ka rubuta ba, ka yi sabon hukunci, sannan ka buɗe tsohon ka gwada.